Gandiroba Mai Duba Kwanuka

Shekara talatin Dogo ya yi yana aikin gandiroba, kuma ba a taɓa samun fursunan da ya kashe kansa a ɓangarensa ba. Dabararsa ita ce, bayan abincin rana sai ya bi kwanuka yana dubawa, yana kuma lura da duk wanda ya fara kyautar da kayansa.

Sai aka kawo wata likitar ƙwaƙwalwa, sa'ar 'yarsa, aka ba ta ofis mai fanka. Fursunonin da suka saba kai masa kukansu suka koma bin layi a ƙofarta. Abin ya tsaya wa Dogo a rai. "Takarda da biro kawai!" yakan ce wa matarsa. "Yaushe ma aka haife ta?"

Wata Talata ya lura kwana uku ke nan wani fursuna, tela, bai taɓa abinci ba, ya kuma bayar da bargonsa. Dogo ya yi lallashin duniya, amma a banza. Sau biyu Dogo yana zuwa ƙofar likita yana juyowa. A na uku ya ƙwanƙwasa.

"Baba, yau kai ne a wurinmu?"

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba, 'yata. Kira tela yanzun nan."

Awa biyu tela ya yi yana amayar mata da cikinsa, Dogo yana tsaye a waje. Tela ya rayu. Ranar da aka sallame shi, ya durƙusa yana yi wa likita godiya har da hawaye, ya wuce Dogo da ɗaga hannu. Dogo ya buɗe masa ƙofa, ya mayar ya rufe da ƙarfin da ya fi na kullum.