Kwanon da Na Sa Aka Kai Bakin Ƙofa

A lokacin ni mushe ne, wato malamin makaranta, a wata lakwal a Dungas, ga surutu kamar rediyo, ga son a ce na san duniya. A bangon ɗakina akwai hoton wani baƙar fatar Amurka, zakaran damben duniya, da na yanko daga tsohuwar jarida. Duk wanda ya shigo sai ya sha labarinsa, ko ya so ko bai so ba: yadda ya ciwo wa ƙasarsa lambar zinariya, ya koma gida, ya shiga gidan abincin fararen fata, aka ce ba a ba irinsa abinci a nan. Ina faɗa ina dukan tebur, jijiyar wuya a miƙe.

Babu wanda ya kai wani abokina son labarin nan. Mahauci ne daga Guci, kuma ɗan dambe, wanda in kalangu ya tashi bayan girbin hatsi samarin ƙauyuka ke shakkar hannunsa na dama. Bai yi boko ba. Ran kasuwar Dungas yakan biyo da ƙunshin balangu, mu zauna gindin bishiya muna ci tare, ya ce in sake ba shi daga farko. Kullum kuma tambayarsa ɗaya ce, wai da aka kori mutumin, a ina ya je ya ci? In ce wallahi ban sani ba.

Sai matata ta haifi ɗa namiji. Ran suna tun da safe ya zo ya feɗe ragon, ya gasa shi da hannunsa. Da azahar daraktanmu da wasu ma'aikata daga Magarya suka iso cikin manyan riguna, aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Nan wata banzar kunya ta kama ni, kada manya su ga hannun mahauci cikin tire ɗaya da nasu, don mun tashi muna jin wai mahauta dabam suke. Na sa aka zuba masa nasa a kwano, aka kai masa bakin ƙofa. Ya dubi kwanon, ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce to mushe, yau ya samu amsar tambayarsa, ashe a bakin ƙofa mutumin ya ci. Ya tattara wuƙaƙensa ya tafi, ko loma bai taɓa ba. Kai, da ma marina ya yi!

Sati uku bai leƙo ba. Na kasa haɗa ido da hoton, matata kuwa kullum sai ta tambaye ni yaya jikin mai kare haƙƙin baƙar fata. Ran kasuwar Guci na hau kabu-kabu, na same shi wurin da yake gashi, na tuɓe takalmi na ba shi haƙuri gaban jama'a. Ya ce ya ji, amma shi ɗan dambe ne, ba ya yafewa da baki, sai mun shiga fili. Kafin in ce wani abu an naɗe mini hannu da zare, makaɗi ya ɗauki kalangu yana yi wa mushe mai alli kirari. Ni da wannan tumbin nawa! Hannu kawai ya ɗaga yana gyara tsayuwa, na ja da baya a firgice, na taka ƙafar wandona, sai ga ni zaune daɓas a ƙasa. Kasuwa ta kece da dariya, masu fura har da guɗa. Shi ya ɗago ni yana share hawayen dariya, ya ce tun da yake dambe bai taɓa ganin wanda iska ta kayar ba sai ni. Ya jawo akushin tuwonsa ya ce bisimilla, muka sa hannu tare da sauran mahauta. Ban taɓa cin tuwo mai daɗin wannan ba.

Jama'a, na yi shekaru ina zagin mutanen da ban taɓa gani ba a ƙasa mai nisa, alhali irin halinsu na zaune cikin zaurena. Kafin ku yi fushi da abin da ake yi wa baƙar fata can ƙetare, ku duba wa kuke kai wa kwano bakin ƙofa a gidajenku. Ni dai Allah ya rufa mini asiri, abokina mai haƙuri ne. Hoton na nan a bango. Da aka yi sunan ƙanwar yaron kuwa, abokina ne ya zauna tsakiyar tabarma, shi ya yanko wa darakta nama ya miƙa masa.