Jatan Landen da Ya Ƙwace Mini Buta

Ko tsufa zai sa in manta hanyar garinmu, ba na jin zan manta ginin da na yi wa jatan lande a Madina. Ku yi dariyarku, ba ku ne na farko ba.

A farkon shekarun tamanin ne. Ni magini ne, tun ina yaro a wajen Bichi nake cuɗa ƙasa, boko kuwa ko firamare ban ƙarasa ba. Mutanen gida sun ɗauka masallatai nake ginawa a birnin Manzon Allah. Ina! Ina gidan wani Balarabe mai hali a unguwar Jurf, ina toshe tsagar bango. Shi ne kafilina, ubangidan da ya tsaya mini, igamata, wato takardar zama, a hannunsa take, ga shi ta kusa ƙarewa. Duk sanda na yi masa maganar sabuntawa sai ya ce, "Bukura, in sha Allahu," wato gobe.

Mutumin nan bai yi kiwon raƙumi ko shaho kamar 'yan'uwansa ba. Akwatin gilashi ya kafa a falo, ya fi makara tsawo, cike da duwatsun murjani da kifaye da ruwan teku da ake ɗauko masa a jarkoki daga Yanbu. Wata rana masunta suka haɗo masa da wannan jatan landen. Tsawonsa kamar tafin hannu, kore da ja sai ka ce ya yi kwalliyar sallah, idanu a kan tsinke kowanne na juyawa inda ya ga dama, hannuwa a naɗe a ƙirji irin na ƙoƙi-ƙoƙi. In ka gan shi ka ce mai ladabi ne. Ashe ɗan dambe ne. Ya ƙi cin abinci, sai naushin gilashi yake, ƙas! ƙas! har a tsakar gida ana ji.

Maigida ya kira ni. "Ya mu'allim, baƙona ba shi da ɗaki. A teku cikin rami yake kwana. Ka gina masa. Ban da siminti, ban da ƙarfe, suna ɓata ruwan. Kuma ƙofa biyu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni mutane nake yi wa gini."

"Ranar da ya shiga, a ranar zan sabunta igamarka. In ya mutu, halas, shi bola, kai jirgi."

To me zan ce? Ina da mata da 'ya'ya a gida, bakinsu a buɗe. Na zauna da gutsattsarin murjani da wani gam mai warin tsami, na yi masa gida na gaske: zaure, ɗaki, ƙofar baya, har da zanko a kan soro. Wallahi ban taɓa yi wa kaina irinsa ba. Na naɗe hannun riga na saukar da shi cikin akwatin a hankali. Gogan ya matso, ido ɗaya a kan gidan, ɗaya a kaina. Da zankon ya fara. Kafin la'asar ya mayar da shi kango.

Abokin ɗakina, wani direba Badamagare, ya yi dariya har ya ƙware da shayi. "Bakano, ka tambaye shi kuwa? Ƙila bene yake so. Ko kuwa ƙofar ce ba ta kalli alƙibla ba, ka san baƙon Madina ne."

Na zage shi tas. Amma da gari ya waye na sake ginin, na kuma juya ƙofar kudu, ta kalli alƙiblar. Wanda igamarsa ke ƙarewa ba ya raina shawara. Shi ma ya rushe shi. Na yi mai faɗi, ya rushe. Na yi mai matsi, ko rushewar bai yi ba, wucewa kawai ya yi, wannan ta fi yi mini ciwo. Ga shi yana ramewa, launinsa na dushewa, ni ma haka.

Ran nan bayan azahar ina gyara harsashin wani sabon ginin. Na cika butata da yashin teku don in zuba a gindinsa. Butar roba ce mai zane, ita kaɗai ta rage cikin kayan da na zo da su daga gida. Na tsoma hannu ke nan sai na ji kamar an sakar mini guduma a babban yatsa. Gogan ne ya kai mini naushi, farce ya tsage biyu. Na yi ihu da Hausa, na saki butar, ta nutse ta kwanta a gefe ɗaya.

Ina tsaye jini na zuba, ina kallo jatan landen ya leƙa bakin butar, ya shige, ya tono yashin waje, ya juyo ya kafa mini ido. Sannan ya shiga kwaso duwatsun ginina yana rage faɗin ƙofa da su.

Maigida ya shigo da gudu saboda ihun. Ko kallon hannuna bai yi ba. "Ma sha Allah! Baki da hanci, ƙofa biyu! Ya mu'allim, ashe kai injiniya ne!"

Na ce, "Butar alwalata ce fa."

"A da ke nan," in ji shi.

A makon aka sabunta igama. Jatan lande ya ci gaba da zama a falo mai sanyi, ana kawo masa kaguwa daga Yanbu, ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda. Ni na koma alwala da gwangwanin madara, Badamagaren nan kuwa har muka rabu Injiniya yake kirana. Farcen har yau a karkace yake fitowa.

Abin da na koya shi ne, in zamanka na hannun wani, kada gwanintarka ta ruɗe ka. Duk shekarun da na yi ina gini ba su suka tsayar da ni a Madina ba. Butar roba ce ta tsayar da ni, ita ma don ta suɓuce.