Shinkafa a Ɗakin Fanne

A Gashuwa Babayo mai igiya muke ce masa, don shekara tara shi ke jan igiyar awo duk inda za a yanka gona a mai da ita fulotai. Kafin nan manomin shinkafa ne a fadamar hanyar Katuzu. Ya san ƙasar nan kamar yunwar cikinsa, ya san inda ruwa ke wucewa da inda yake kwanciya.

Abin da har gobe ke ba ni haushi shi ne, sai da rani ake kai masu saye. Ƙasa ta bushe ƙayau, dillalai su yi ta zuba, Babayo na riƙe da igiya, bakinsa gum.

Haka aka kai Fanne, wata bazawara mai sayar da busasshen kifi, da ta taso daga Nguru da 'yarta Bushra. Fulotin da aka nuna mata tsakiyar tsohuwar gonar mahaifin Babayo ne, kwarin da ruwa ke kai wa mutum ƙugu. Ta dube shi ta ce, "Baba, kai ɗan nan ne. Ruwa na zuwa nan?"

Ya ce, "Allah na tsarewa."

Damina biyu lafiya lau. A ta uku kogi ya cika ya dawo wurinsa. Bangon ɗakin ya jiƙa ya rufta da rana tsaka, Bushra na kwance a ciki da zazzaɓi. Da Babayo aka tono gawarta. Fanne ta koma Nguru.

Da ruwa ya janye ya leƙa kangon. Daidai inda gadon yarinyar yake, shinkafa ta tsiro kore shar, irin jar shinkafar nan ta mahaifinsa. Ya zo mini yana cewa, "Wallahi ban shuka ba." Na tausaya masa, amma ban ce masa ba laifinsa ba ne.

Ya ajiye igiya. Yanzu duk rani a bakin kangon yake yini, dillalai na cewa ya taɓu.

Bana suka kawo wani malamin makaranta, Mahfuz, da matarsa mai goyo. Dillali ya ce kada su kula tsohon. Ba wanda ya tambaye shi komai, amma Babayo ya miƙe, ya dafa ƙugunsa.

"Malam, har nan ruwa yake kawowa," in ji shi. "Inda iyalinka ke tsaye, nan muka tono Bushra."