Faɗan da Na Sha a Madadin Baba

Mahaifina dillalin shanu ne a Zongon Kumasi, kuma ya haura hamsin lokacin da ya sayi mota. Baƙa ce, ta hannu, wani Bature mai shirin komawa gida ya sayar masa. A lokacin gari ya cika da zancen 'yancin kai da sabon sunan da za a sa wa ƙasa, amma a gidanmu zancen motar ya danne komai. Ni kuma ina da aure har da 'ya guda, ina bin Baba kara kullum muna cinikin shanu.

Ya ɗauki direba, wani mutumin Asante, gajere mai faɗin ƙirji, wanda ya tuƙa manyan motocin soja lokacin yaƙi. Kowa Masta yake ce masa. Yana jin Hausa irin ta kasuwa, wadda mace da namiji duk "shi" ne. Bai daɗe da fara aiki ba Baba ya kira shi zaure ya ce, "Masta, ba zan mallaki abin da ban iya sarrafa shi ba. Za ka koya mini, ka koya wa wannan." Ya nuna ni da baki.

Muka fara fita bayan la'asar zuwa wani fili a gefen Race Course, bayan inda manyan motoci ke lodi. Baba ne kan fara zama a sitiyari, Masta a gefensa, ni a baya. A rana ta farko Baba ya yi bismilla, ya saki kuloci gaba ɗaya, motar ta yi tsalle kamar ɗan maraƙi ta mutu. Na ga wuyan Masta ya kumbura. Ya buɗe baki, ya dubi farin gemun Baba, ya rufe. Sai ya juyo baya ya zare mini ido.

"Kai! Ɗan Maigida! Sau nawa zan gaya maka? Kuloci kakra kakra, kaɗan kaɗan! Mota ba shi son garaje!"

Na ce, "Masta, ni da ke zaune a baya?"

Ya ce, "Ka yi shiru ka ji karatu!"

Haka abin ya zauna. Masta ba zai iya ɗaga wa mai gidansa murya ba, dattijo kuma, amma bai san wata hanyar koyarwa ba sai tsawa, don da ita aka koya masa a soja. In Baba ya manta bai miƙa hannu ta taga ba kafin ya sha kwana, ni ne marar hankali. In ya ja sitiyari zuwa ƙirjinsa kamar linzami maimakon ya taka birki, ni ne mai son kashe mutane. Ran da ya yi ribas ya ture gangar da aka kafa mana, har ta gangara cikin masu sayar da doya, Masta ya fito ya zagayo ta tagata ya yi mini wankin babban bargo, masu lodi suna ta dariya. Baba kuwa yana riƙe da sitiyari, yana gyaɗa kai a hankali kamar mai sauraren wa'azi.

Wata rana bayan mun dawo, na kasa haƙuri. Na same shi yana alwalar magariba na ce, "Baba, faɗan nan fa ya yi yawa. Ko taɓa motar ban yi ba yau."

Ya gama wanke ƙafa tukuna, sannan ya ce, "Ka ɗauka ban gane ba? Da ni yake. Mutumin kirki ne, yana kare mini girma. Kai dai ka riƙa cewa to, ni kuma ina kwashewa."

Daga nan abin ya koma mini wasa. In Masta ya fara, sai in sunkuyar da kai in ce, "Na tuba, Masta, ba zan ƙara ba," in hango kafaɗun Baba suna rawa.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne tashi a kan tudu. Akwai wata hawa a hanyar Manhyia da aka ce mai gwajin lasin tuƙi ba ya tsallake ta. Masta kan sa a tsaya a tsakiyarta, ya fita ya ajiye lemo a bayan tayar baya. In motar ta zame ko taƙi ɗaya, lemon ya fashe. Mun matse lemo a wannan tudu har mai sayar da shi, wata tsohuwa, ta dawo da tirenta daidai wurin, tana hango mu sai ta fara zaɓo mana ƙanana. Alamomin hanya kuma da gawayi Masta ya zana su a bangon tsakar gida, tun da Baba ajami yake karantawa, ba boko ba. Inna kan tare Baba da muciya a hannu ta nuna zane ta ce, "Malam, wannan fa?" In ya ce gada, yara su yi ihu su ce jirgin ƙasa ne.

Ranar gwaji Baba ya sa babbar riga, Masta ya roƙe shi ya cire don kada hannunta ya sarƙe giya, ya yarda ya tafi da 'yar ciki. Mai gwajin dogo ne, da gajeren wando da doguwar safa, ba ya murmushi. Baba ya fara shiga. Muna tsaye da Masta ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, shi yana addu'a da Twi, ni da Larabci. Da suka dawo Baba ya faka motar tsaf, ya fito yana gyara hula. Ya ci.

Ni kuwa na faɗi. Ba wani abin mamaki ba ne, don kusan duk lokacin darasi Baba ke cinye shi, ni sai rana ta kusa faɗuwa ake ba ni zagaye ɗaya ko biyu. Na san komai a ka, ƙafata ce ba ta sani ba. A kan tudun nan motar ta zame da ni baya har sai da mai gwajin ya ja birkin hannu da kansa. Ya dube ni ya ce in je in dawo.

Da Masta ya ji, ya dafe kai. Ya ce, "Ɗan Maigida, ni ne na cuce ka." Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce ai yanzu shi mai lasin ne, shi zai ƙarasa koya mini. Ya kuwa yi, kullum bayan sallar asuba kafin mu tafi kara, ta cikin lungunan Ashanti New Town lokacin da mata ke sharar ƙofar gida. Bai iya bayani ba sam. Sai dai ya ɗora hannu a gwiwata, ya danna in zan taka, ya sassauta in zan saki. A haka ƙafata ta koya. Da na koma gwaji karo na biyu na wuce lafiya.

Ba da daɗewa ba aka aiko cewa garken wani abokin cinikinmu ya sauka a wani ƙauye kan hanyar arewa, ana son Baba ya je ya gani kafin su shigo gari. Masta ya tafi jana'iza garinsu, don haka ni na ja. Hanyar jar ƙasa ce mai kwana-kwana, ga motocin katako suna saukowa da gudu. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, ina jiran Baba ya ce wani abu. Da shirun ya yi yawa na saci kallonsa. Ya jingina kai da ƙofa, hula ta rufe masa ido ɗaya, carbi ya zame kan cinyarsa, yana barcinsa. Na rage gudu saboda ramuka, ban tashe shi ba sai da na fara jin kukan shanu.