Kuben da Ba Yaya Sule Ya Ɗinka Ba

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar yayana Sule, baduku mai ɗinka kuben wuƙa a Rano. Har yau a unguwarmu in abu ya lalace da wuri, sai ka ji an ce, "Kuben Sule ne." Rabin masu faɗar haka ba su taɓa ganinsa ba. Duk sanda na ji sai raina ya ɓaci, domin na san wanda ya jawo masa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano masaƙar da nake wa aiki ta sallame mu. Na dawo gida da mata da 'ya'ya uku, ban iya komai ba sai surutun siyasa. Yaya Sule ya zaunar da ni a rumfarsa, ya miƙo mini basilla. Abu ɗaya ya fi nanata mini: kafin a ɗinke gefen kube, a sa siririyar fata mai kauri a tsakani, don kaifin wuƙa ya sauka a kanta, ba a kan zare ba. Ni kuwa gani nake ɓata lokaci ne, tunda ba mai leƙawa ciki.

Wata uku da fara koyona ya tafi ta'aziyya garin Saji. Na ɗinka kube ni kaɗai, na tsallake siririyar fatar, na danna tambarinsa a kai, na sayar wa wani makiyayi, Malam Buba, daga wajen Unguwar Gai.

Ranar kasuwar Kibiya, mun baje kayanmu a can, sai ga Malam Buba yana ɗingishi. Wuƙar ta yanke zaren, ta tsarge masa cinya yana bin wani bijiminsa. Ya jefa kuben gabanmu a bainar jama'a. Yaya Sule ya ɗauka, ya dubi karkataccen ɗinkin, ko kallona bai yi ba.

"Daga rumfata ya fito, Malam Buba. Ka yafe mini."

Ina gefensa zaune, na yi gum. Makiyaya ba sa ɓoye wa juna irin wannan labari. Kafin damina ta zagayo sun ƙaurace masa, mahauta suka bi sahu. Mutumin da ya shekara talatin yana kube ya ƙare da facin takalma, bai taɓa goranta mini ba.

Da zai leƙo yau, zai tarar mahauta na naɗe wuƙa a kwali, waɗanda suka rufe masaƙu kuwa ana yi musu kirari. Na san kai kawai zai girgiza. Ni ne ba na iya haƙuri.

Bara na kasa daurewa, na faɗi gaskiya a majalisarmu bayan la'asar, na ce ni na ɗinka kuben nan. Sai wani dattijo ya dafa kafaɗata.

"Allah ya yi maka albarka, Malam. Har bayan ransa kana rufa wa ɗan'uwanka asiri."

Na rantse musu. Ba wanda ya yarda.