Injin Niƙan Ayuba Ya Ba Da Lantarki

Ƙwan lantarki ya kama! Da safen nan jikata Hauwa ta bugo mini waya daga ƙauyenmu, can gaba da Akurba, tana haki.

Salamu alaikum, jama'a. Ku yi haƙuri, murna ce ta sa na manta gaisuwa.

A bakin rafinmu akwai tsohon injin niƙa tun na zamanin mishan, wanda ruwa ke juya babbar tayarsa ta katako. Abokina marigayi Ayuba ne mai kula da shi. Ranar da muka ɗauko hatsi za mu makarantar yaƙi da jahilci, shi ke niƙa mana kafin mu taso, ko na gode ba ya tsayawa ji.

Da injinan gas suka zo, kowa ya watse. Amma duk rani, in rafi ya ja baya, Ayuba sai ya ɗauki bokiti yana jiƙa tayar, ya ɗan murza ta. Mun sha yi masa tsiya, wai yana ban ruwa ko katako zai yi ganye.

Ganina da shi na ƙarshe, yana kwance, ya riƙe hannuna: "Isa, in ta bushe za ta tsage. Ka sa a riƙa ba ta ruwa."

Na ce to, don kunya kawai. Hauwa ce ta ɗauki bokitin.

Bara dattawa suka yanke a farfasa tayar a yi itacen girki, ƙarfen a bai wa 'yan gwangwan. Hauwa ta roƙi a ba ta damina ɗaya. Ta ɗaura bel daga tayar zuwa ƙaramin janareta. Gwajin farko ƙwan ya yi ja kamar garwashi, ya mutu. Ta sauya fule, wato ƙaramar tayar da bel ke juyawa, ta sake.

Yau firijin allurar rigakafi na asibitin ƙauye yana aiki, dattawa sun janye maganarsu.

Sau uku Hauwa ta zana mini yadda juyin taya ke zama lantarki. Ban gane ba har yanzu. Ina yake ɓoye duk shekarun nan, a ruwan ko a wayar? Gobe zan je in tsaya a kai sai na fahimta.

Allah ya kai haske makwancin Ayuba, ya yi wa Hauwa albarka. Ku sa su a addu'a, Musulmi da Kirista.

Keke napep na kaiwa har bakin rafi. Ku zo ku gani da idonku.