Kawu Safiyo da Filin Tsohuwar Masana'anta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ran Kawu Safiyo, tsohon ma'aikacin awon filaye, bayan tarin da ya ci shi shekara biyu. Ina kan keken ɗinki aka kawo mini labari, a shagon da ba don shi ba da ban taɓa samu ba.

Kawu, ka san yadda filin da shagon nan ke ciki yake a da. Masana'antar batir ce da aka rufe shekara ashirin, ba komai sai gangunan da suka yi tsatsa da kududdufin baƙin ruwa. Akuya ta yi kiwo a ciki ba ta ƙara sati. Da wani attajiri ya so ya kafa otal a wurin, kai ka zana wani abu dabam: shaguna a ƙasa, ɗakuna a sama, ɗakin shan magani a kusurwa, da hayar da tela da mai kayan miya za su iya ɗauka. Shekara tara kana yawon ofis-ofis da taswirar a naɗe cikin guntun bututu, ana ce maka ka dawo gobe. Har masinjoji suka riƙa yi maka dariya, kafin daga ƙarshe aka amince da taswirar.

Ban manta ranar da ɗan kwangila ya zo zai zuba yashi a kan ƙasar mai guba ya hau gini ba. Ka jawo kujerarka ta roba ka zauna gaban katafila. Ya ce, "Tsoho, tashi, ba ruwanka." Ka ce, "Da jikokinka ne za su yi rarrafe a nan, da ka haƙa." Dole ya kwashe ƙasar, zurfin tsayin mutum. Wata bakwai kana tsaye a kansu cikin wannan ƙura, da ɗan ƙyalle a hanci. Nan tarin ya samo asali, kowa ya sani.

To, me aka saka maka da shi? Da aka gama gidaje sittin, sai ga takardar rabo cike da surukai da ƙannen matan manya, masu gida da mota. Da ƙirjinka mai ciwo ka sake komawa ofisoshin har ka ƙwato mana arba'in da ɗaya. Muka ce ka karɓi ɗaya, ka ce kar a ce don kanka ka yi. Ranar buɗewa ka sa farar rigarka ka zo, mai gadi ya tsare ka a ƙofa don ba ka da katin gayyata. Daga bayan shingen waya ka kalli ana yanka ƙyalle. Allon da suka kafa sunaye goma sha ɗaya ne, babu naka.

Yau kuma manyan nan ne a rediyo suna kiranka uban aikin. Kunya dai ba a sayar da ita a kasuwa! Kana kwance a ɗakin hayarka mai yoyo, ko ɗayansu bai tako ya ce sannu ba. Gidaje sha tara ɗin nan kuwa har yanzu a kulle suke, labule ma babu, ga wata mai wanki da 'ya'yanta biyar suna kwana a rumfa. Mun yi magana, mu arba'in da ɗaya: ranar Litinin muna ofishin rabon gidajen, kuma ba za mu karɓi "ku dawo gobe" ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, mai ɗakinka, da ta yi jinyarka ita kaɗai, da 'ya'yanka mata uku da jikoki. Allah ya ba su haƙuri da dangana. Allah ya jiƙan ka, Kawu, ya yafe kurakuranka, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya haskaka makwancinka. Waɗanda suka ci guminka kuwa, mun bar su da Wanda ba a ɓoye masa takarda. Amin.